Ido Ba Mudu Ba Ne: Ko Yadda Yaro Yake Ganin Girman Abu Yana Nuna Basirarsa?

Masu iya magana sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A wannan mako muna so mu ɗauki karin maganar nan mu gwada ta a kan 'ya'yanmu, domin akwai wani hukunci da iyaye da malaman makaranta suke yawan yanke wa yara ƙanana, wanda ya kamata a zauna a sake dubawa.

Ga yadda abin yakan faru. Uwa ta dama koko da safe, ta zuba wa 'ya'yanta biyu ludayi bibbiyu, ɗaya a dogon kofi, ɗaya a faffaɗan kwano. Nan take mai kwano ya ɓare baki, wai na ɗan'uwansa ya fi yawa. A yi masa bayani, a sake yi, ina! Ƙarshenta sai a ce yaron nan kansa ba ya ja. Dattawan da suka yi wayo kafin a canja kuɗi zuwa naira a 1973 suna tuna irin wannan: a ajiye wa yaro kwabo da sisi a ce ya zaɓa, sai ya wawuri kwabo saboda faɗinsa, ya bar sisi wanda ya ninka shi sau shida. A yi dariya, a ce dolo ne.

Da a wurin dariya abin yake tsayawa, da da sauƙi. Amma suna irin wannan yakan bi yaro har cikin aji. Da zarar an yi masa lamba da daƙiƙi, sai a tura shi bencin baya, a daina tambayarsa, shi ma ya daina ɗaga hannu. Wata rana kuma, in kuɗin makaranta ya yi wuya, shi za a fara cirewa. Saboda haka tambayar ba ƙarama ba ce: shin kuskuren da yaro yake yi wajen kimanta girman abu da ido shaida ce ta ƙarancin basira?

Darasi daga layin dogo

Wanda yake son ya fahimci wannan al'amari ba ya bukatar ɗakin gwaje-gwaje. Ya isa ya je Kafanchan, a kudancin Jihar Kaduna, ya buɗe idonsa. Tun wajen 1927 garin ya zama mahaɗar layin dogo, inda hanyar da ta taso daga Fatakwal ta rabu, ɗaya ta nufi Kaduna, ɗaya ta haura Jos. Ka tsaya inda titi ya ratsa layin, ka miƙa ido. Ƙarafan nan biyu za ka ga suna ta matsowa kusa da juna har su haɗe can nesa, alhali kuwa tazarar da ke tsakaninsu ƙafa 3 ce da inci 6, a gabanka da can ƙarshen ganinka duka ɗaya. Ka juya gabas wajen dutsen Kagoro, shanun da ke kiwo a jikinsa za ka gan su kamar tururuwa. In kuma ka yi sa'a daren sha huɗu ne, za ka ga wata ya ɓullo ta bayan dutsen kamar faifai, amma kafin tsakar dare ya koma kamar murfin kwano. Ka miƙe hannunka da ƙwayar masara tsakanin yatsu, za ta rufe watan a lokutan biyu.

Dalili shi ne, abin da yake shiga ido hoto ne ɗan ƙarami wanda yake sauka a kan wani tantani da ke can ƙuryar idon. Idan nisan abu ya ninka sau biyu, tsawon hotonsa a kan tantanin sai ya ragu da rabi. Duk da haka, in abokinka ya yi sallama da kai ya tafi, ba ka ganin yana komawa wada. Ƙwaƙwalwa ce take haɗa girman hoton da nisan da ta kimanta, sa'an nan ta ba ka girman mutumin na ainihi.

Wannan bayani ya girmi Turawan da suka shahara da shi. Shaihin malamin nan Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi shi a cikin littafinsa Kitabul Manazir. A wurinsa ganin girman abu hukunci ne da hankali yake yankewa cikin sauri har mutum bai san ya yanke ba, kuma hankali yana dogara ne da ƙasa da gidaje da itatuwan da ke tsakaninka da abin domin ya san nisansa. To, in gani hukunci ne, ba abin mamaki ba ne mutane su zaci cewa wanda ya fi hankali zai fi iya gani. Abin da ya rage shi ne a bincika ko zaton gaskiya ne.

Abu na farko da bincike ya nuna shi ne, harsashin wannan aiki tare da shi ake haihuwar ɗan Adam. A 1990 wani masani mai suna Alan Slater da abokan aikinsa a Exeter ta Ingila sun gwada jarirai 'yan kwana biyu ko makamancin haka. Suka riƙa nuna wa jariri wani ɗan akwati, wani lokaci kusa, wani lokaci nesa kaɗan, har ya saba da shi. Sa'an nan suka kawo masa shi tare da wani akwatin mai girma dabam, suka jera su yadda hotunansu a cikin ido za su zama daidai. Sai jariran suka fi ƙura wa sabon ido, watau sun gane ba shi ne wanda suka saba gani ba. Jaririn da ko suna ba a raɗa masa ba ya riga ya san bambancin babban abu da ke nesa da ƙaramin abu da ke kusa.

Masu auna basira da ido

Turawa sun daɗe da gwada auna basira ta hanyar ido. A 1884 Francis Galton ya buɗe wani ɗakin awo a wurin wani babban baje koli a Landan, inda mutane fiye da 9,000 suka biya toro-toro aka auna su. Cikin abubuwan da aka gwada har da iya kimanta tsawo da ido, domin Galton yana ganin tun da ta ƙofar ido da kunne ilmi yake shiga, mai kaifin waɗannan shi ne mai kaifin ƙwaƙwalwa. A 1901 Clark Wissler ya ɗauki sakamakon irin waɗannan gwaje-gwaje na ɗaliban Jami'ar Columbia a Amurka, ya kwatanta da makin da suke ci a karatu, ya tarar kusan babu abin da ya haɗa su.

Da Alfred Binet da Theodore Simon suka fito da gwajin basirar yara a Faransa a 1905, sun sa kwatanta tsawon layi biyu a cikinsa, amma a sahun tambayoyi masu sauƙi. Manyan tambayoyin sun shafi fahimtar magana ne da yanke shawara. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa idan aka tara mutane masu yawa aka auna, akan sami 'yar dangantaka tsakanin kaifin bambance abubuwa da sakamakon gwajin basira. Sai dai ba ta yi ƙarfin da za a ɗauki yaro guda a ce ga matsayinsa ba, kamar yadda ba a ɗaukar tsawon mutum a ce ga nauyin buhun da zai iya ɗauka.

Wani abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, akwai ruɗin ido da yake kama babba ya ƙyale yaro. Ka ɗauki lemo biyu masu girma ɗaya, ka kewaye ɗaya da kabewa, ɗaya da goro. Na tsakiyar goro za ka ga ya fi girma. Mai tallan tumatir a kasuwar Kafanchan ba ta karanta wannan a littafi ba, amma ta san kashi ya fi cika ido a ƙaramin faifai. A 2010 Martin Doherty da abokan aikinsa na Jami'ar Stirling a ƙasar Sikotlan sun buga sakamakon gwada wannan ruɗi da zanen da'irori a kan yara da manya. Suka tarar yaran da ba su kai shekara 7 ba sun fi manya faɗin gaskiyar wadda ta fi girma, saboda idonsu bai riga ya saba auna abu da maƙwabtansa ba. Haka kuma a 2007 an gwada makiyayan Himba na ƙasar Namibiya, aka ga ruɗin bai kama su kamar yadda yake kama mutanen Ingila ba.

Tun ƙarshen ƙarni na 19 wani likita ɗan ƙasar Beljiyam, Jean Demoor, ya lura da makamancin wannan. Idan abu biyu nauyinsu ɗaya amma ɗaya ya fi girma, mai ɗagawa yakan ji ƙaramin ya fi nauyi. Demoor ya ga yaran da ke da tawayar ƙwaƙwalwa mai tsanani sau da yawa ba sa jin wannan ruɗi, har aka yi zamanin da likitoci suke amfani da shi wajen gwaji. Watau a wannan karon wanda ido ya yaudara shi ne aka ɗauka lafiyayye. Ashe ke nan ba za a ce duk wanda ido ya ruɗa basirarsa ce ta gaza ba, tun da wani ruɗin alama ce ta ƙwaƙwalwar da ta koyi haɗa abubuwa.

Inda dangantakar take

Kada mai karatu ya ɗauka muna cewa babu abin da ya haɗa tunani da ganin girma. Akwai, kuma an gano wurin. Carl Granrud na wata jami'a a Jihar Colorado ta Amurka ya buga wani bincike a 2009 a kan yara 'yan shekara 5 zuwa 10. Ya sa su kimanta girman wani abu da aka ajiye a fili, nisan mita 61, watau fiye da rabin filin ƙwallo. Ƙananan cikinsu suka riƙa rage masa girma. Waɗanda suka faɗi kusan daidai su ne waɗanda suka iya bayyana cewa nisa yana sa abu ya yi kamar ƙarami, don haka sai an ƙara a kan abin da ido ya nuna. A kusa ido kaɗai ya wadatar. A nesa sai yaro ya yi wa idonsa gardama, kuma gardamar nan ita ce aikin tunani.

Yaron Kagoro da ya taɓa bin yayansa kan dutse, ya ga tururuwar nan ta zama saniya da ƙahonta, ya sami hujjar da zai yi wannan gardama. Wanda bai taɓa hawa ba bai samu ba tukuna. Colin Turnbull, wanda ya zauna da mutanen dajin Ituri na ƙasar Kwango, ya ba da labari a 1961 cewa ya fita da wani saurayi daga cikin kurmi zuwa fili a karo na farko, saurayin ya hango ɓauna can nesa ya tambaya waɗanne irin ƙwari ne. Labarin mutum ɗaya ne, ba bincike ba, amma ma'anarsa a fili take: saurayin gwani ne a dajinsu, sabo da hangen nesa ne bai yi ba.

Batun koko a kofi da kwano kuwa, Jean Piaget na birnin Janeba a Suwizalan, wanda ya rayu daga 1896 zuwa 1980, shi ya fi kowa bin diddiginsa. Yakan zuba ruwa daidai a tambulan biyu iri ɗaya, yaro ya yarda daidai suke, sa'an nan ya juye ɗaya a wani dogon siririn tambulan a gaban idon yaron. Yawancin 'yan shekara 4 da 5 sai su ce na dogon ya fi yawa. Wajen shekara 7 sai amsa ta canja, yaro ya ce ai ba a ƙara ba, ba a rage ba, ko ya ce in an mayar zai koma yadda yake. Abin lura a nan shi ne, 'ya'yan Janeba masu takalma da littattafai su ma suna yin kuskuren nan. Mataki ne da kowane yaro yake takawa, kamar rarrafe kafin tafiya.

An gwada wannan a nan Nijeriya. Douglass Price-Williams ya zauna a ƙasar Tibi, kudu da mu kaɗan, ya gwada yaran da ba su shiga makaranta ba, ya yi amfani da ƙasa da 'ya'yan itatuwa, abubuwan da suka saba taɓawa, da harshensu. Sakamakon da ya buga a 1961 ya nuna sun haye wannan mataki wajen shekara 7 zuwa 8, daidai da takwarorinsu na Turai. A 1969 shi da abokan aikinsa suka gwada 'ya'yan maginan tukwane a Meziko, suka tarar sun riga sauran yara gane cewa curin yumɓu ba ya ƙaruwa don an mulmula shi ya yi tsawo. Hannun da ya saba da yumɓu ya koya wa ido.

A ƙasar Sanagal kuma Patricia Greenfield ta gwada yaran Wolof, aka buga aikinta a 1966. Da yawa daga yaran ƙauye da ba su yi makaranta ba sun ce ruwan ya ƙaru, da ta tambaye su dalili sai wasu suka ce ai ita ce ta juye shi, watau suna zaton baƙuwar ta yi wani siddabaru. Da ta miƙa musu tambulan suka juye da hannunsu, sai masu ba da amsa daidai suka ƙaru ƙwarai. Haka a Edinbara, a 1974, James McGarrigle da Margaret Donaldson sun nuna cewa idan 'yar tsana ce ta zo kamar da ɓarna ta hargitsa jerin abubuwan da ake ƙirgawa, maimakon babban mutum ya yi da gangan, yara ƙanana da yawa sukan ce yawan bai canja ba.

Wannan ya shafe mu ƙwarai. A gidajenmu, ko na Hausawa ne, ko na Bajju, ko Atyap, ko Ham, ko Fantswam, ana tarbiyyar yaro a kan kada ya yi musu da babba. Idan malami ya yi tambaya yaro ya amsa, sa'an nan malamin ya taɓa wani abu ya sake yin tambayar, yaro mai ladabi zai ɗauka amsarsa ta fari ce ba ta yi ba, sai ya canja. Daɗin daɗawa, sau da yawa tambayar da Turanci ake yinta, yaron kuwa da wani harshe yake tunani a gida, da Hausa yake wasa a waje. Kalmomin da ke nufin yawa da tsawo da girma sukan cakuɗe masa. Sai a rubuta masa sifiri, alhali ladabinsa da Turancinsa aka auna. Yarinyar nan da aka ce ba ta gane lissafi, ka bi ta kasuwa ranar Asabar ka gani. Ta san mudun da aka bubbuge gindinsa ya shige ciki, ta san kashin citta da aka baza don ya cika ido, kuma ba ka isa ka ba ta gwangwani uku a kuɗin huɗu ba.

Bukata da hoto

Akwai wasu abubuwa biyu da suke shiga tsakanin ido da girma, waɗanda ba ruwansu da basira. Na farko bukata. A 1947 Jerome Bruner da Cecile Goodman na Jami'ar Harvard sun sa yara 'yan shekara 10 su daidaita wani da'irar haske da girman tsabar kuɗi. Yaran suka riƙa ƙara wa kuɗin girma fiye da yadda suka yi wa kwali mai faɗi ɗaya, 'ya'yan talakawa kuma suka fi 'ya'yan masu hali ƙarawa. Waɗanda suka maimaita gwajin daga baya ba duka suka sami sakamako iri ɗaya ba, amma ya buɗe wa masana ido cewa abin da zuciya take so yana iya taɓa kimar da mutum yake yi. Yaron da ya zo aji bai karya ba, kada a yi mamaki in ƙosan hannun maƙwabcinsa ya fi allo girma a idonsa.

Na biyu sabo da hoto. A 1960 William Hudson ya nuna wa mutane a Afirka ta Kudu wani zane: maharbi riƙe da mashi, barewa a gabansa, giwa kuma can nesa a kan tudu, an zana ta 'yar ƙarama a tsakaninsu. Da yawa daga waɗanda ba su yi makaranta ba suka ce giwar yake nufi da mashin. Wasu suka yi amfani da irin wannan suna cewa baƙar fata ba ya ganin nisa a hoto. Aikin da aka yi daga baya, har da na Jan Deregowski a Zambiya, ya nuna amsar tana canjawa da irin zanen da irin tambayar da kuma sabon mutum da hotuna. Ƙanƙanta abu a takarda don a nuna nisansa al'ada ce ta masu zane, koyonta ake yi kamar yadda ake koyon baƙaƙe.

Mu a wannan yanki muna da shaidar cewa akwai wata al'adar. Mutum-mutumin yumɓu na Nok, waɗanda aka haƙo a ƙasar Ham da kewayen Jama'a, har ɗaya ya kai hannun Bernard Fagg a Jos a 1943, kawunansu sukan ci kashi ɗaya cikin uku ko huɗu na tsawon jiki, alhali kan babban mutum bai wuce ɗaya cikin bakwai ko takwas ba. Ba wanda zai kalli gyaran gashi da idanun da ke jikinsu ya ce maginan ba su iya gani ba. Sun girmama abin da suka ɗauka da muhimmanci ne. Yaron da ya zana babansa ya fi ɗaki tsawo, shi ma abin da yake yi ke nan.

Har ila yau masana ba su gama daidaitawa ba a kan iyakar abin da muhalli yake yi wa gani. A 1966 Segall da Campbell da Herskovits sun ba da rahoton cewa wani ruɗin layi biyu masu kan kibiya ya fi kama Amurkawa fiye da al'ummomin Afirka da dama, suka danganta haka da zama cikin gidaje masu kusurwa. Amma a 2015 masu aikin Prakash a Indiya sun gwada yara tara da aka haifa da yanar ido, cikin kwana biyu da yi musu aiki, suka ga ruɗin nan da na layin dogo sun kama su nan take. Ko wane ɓangare ya yi rinjaye a wannan muhawara, ba wanda yake cewa ruɗin ma'aunin basira ne.

A fara da duba idon

Saura abu guda, wanda ya fi duk waɗannan sauƙin magani. Wani yaron ba ruɗi ne yake damunsa ba, ganin ne bai isa ba. Yaron da ba ya gani nesa, rubutun allo hazo ne a wurinsa, kuma ba zai yi ƙara ba domin yana zaton kowa haka yake gani. Alamominsa sanannu ne: yana ƙanƙance ido in ya dubi allo, yana kai littafi dab da hanci, yana kwafa daga littafin na kusa da shi, yana yawan kukan ciwon kai. In aka kira shi daƙiƙi aka mayar da shi bencin baya, an ƙara masa nisa da abin da dama ba ya gani. Kowane malami zai iya rubuta haruffa a allo, ya tsayar da yara ɗaya bayan ɗaya a bayan aji, kowa ya rufe ido ɗaya ya karanta, sa'an nan ya rufe ɗayan. Wanda ya kasa a gaya wa iyayensa su kai shi asibiti. Akwai Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a Kaduna, akwai asibitin ido na ECWA a Kano, kuma sau da yawa tabarau kaɗai ne maganin. Yaro mai harara-garke kuwa a gaggauta, domin idon da aka bari ba ya aiki yakan yi rauni, gyaransa kuma ya fi yiwuwa kafin shekara 7 ko 8.

Kiranmu ga malamai, musamman matasan da ake horarwa a Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya, wadda take yaye malamai tun kafuwarta a 1977, shi ne su shigo da kasuwa cikin aji. Mudu da gwangwani da yashi da kwalabe da igiya ba su da tsada. A bar yaro ya juye da hannunsa, ya mayar, ya sake juyewa. A fita da su fili, a tsayar da ɗaya a nesa, a ce su faɗi tsawonsa, sa'an nan a je a auna. A yi tambaya da harshen da yaron yake ji, a kuma gaya masa cewa sake tambaya ba ya nufin ya yi kuskure.

Iyaye kuma, idan mai kwano ya yi kuka gobe da safe, a ba shi ludayin ya auna da kansa. In bai yarda ba a ƙyale shi, shekara mai zuwa zai yarda. Mafi muhimmanci, duk amsar da yaro ya bayar, a bi ta da tambayar me ya sa. Wanda ya ce na dogon kofi ya fi yawa domin ya fi tsawo, ya lura da abu ɗaya na gaskiya, saura ya lura da faɗi. Wanda ya ɗauki kwabo ya bar sisi ya bi ƙa'idar da ta yi masa aiki a kan rake da doya da ƙosai, ba a dai gaya masa ba tukuna cewa a wurin kuɗi ƙanƙanin goro ya fi babban dutse. A cikin dalilin da yaro ya kawo ake jin motsin basirarsa, kuma ba za a ji ba sai an tambaye shi an kuma saurara.

Sai mun sadu a mako mai zuwa.